Filashi ko igiyar AUX: wanne ya fi a mota?

Igiyar AUX mai bakin milimita 3.5, wadda ke kai sauti zuwa rediyon mota, ba ta zaɓen na'ura. Waya ce ko tsohuwar MP3, da ka soka sai sauti. Sai dai in za a canja waƙa dole direba ya kai hannu ga wayar, kuma wannan haɗari ne a kan titi. Wasu wayoyin ma, irin iPhone 7 ta 2016, ba su da ramin da ake soka igiyar.

Filashi kuwa, ɗan ma'ajin sauti da ake sokawa a ramin USB, rediyon ne ke karanta shi da kansa, sunan karatu ko waƙa ya fito, ka canja da maɓalli. Matsalarsa ɗaya: tsofaffin rediyoyi da yawa tsarin adana fayil na FAT32 kaɗai suke ganewa, in aka sa filashi mai tsarin exFAT sai shiru. Duk da haka, mai doguwar tafiya filashi zan ce ya saya.