Fetuniya da hikama: abin da na gani bayan shekara guda da shuka su

A farkon watan Mayun bara na sayi ƙunshin iri guda biyu daga wani mai sayar da irin kayan lambu ta intanet, ɗaya na furen fetuniya, ɗayan kuma na wani tsiro mai saiwa da ake rubuta sunansa jicama amma ake furta shi hikama. Filin da nake da shi a kusurwar gidana a Zariya bai wuce taku goma sha biyu a tsaye da biyar a kwance ba, saboda haka tun daga farko na san cewa ɗayansu ne kawai zai samu mazauni na dindindin, ɗayan kuma sai dai ya haƙura da tukwane.

Da na buɗe ƙunshin fetuniya sai na zaci an cuce ni, domin abin da ke ciki bai fi ɗan ƙurar da za ta manne a kan yatsa ba. Wani dattijo maƙwabcina da ya taɓa noman taba ya duba ya ce wannan ai kamar irin taba ne, kuma bai yi kuskure ba, domin fetuniya dangin taba da tumatir da gauta ce, asalinta Kudancin Amurka, yankin Ajantina da Burazil da Yurugwai, sunanta ma daga kalmar da mutanen can na asali ke kiran taba da ita aka samo shi. Takardar da ke jikin ƙunshin ba ta faɗi yadda ake shukawa ba, sai hoton manyan furanni kawai. Na binne rabin irin kamar yadda ake binne na alayyafo, na yi mako uku ina ban ruwa ban ga ko ɗigon kore ba. Daga baya na gane cewa wannan iri yana buƙatar haske kafin ya tsiro, ana yayyafa shi ne a saman ƙasa mai laima a danna shi kaɗan da tafin hannu. Da na yi hakan da kashi ɗaya na ragowar, ya fito cikin kwana goma, amma ruwan Agusta bai bar shi ba: ƙananan tsiron suka ruɓe daga gindi, 'yan kaɗan da suka kai ga yin fure kuma duk wanda ya buɗe da safe, ruwan la'asar zai mayar da shi kamar jiƙaƙƙen tsumma. Nau'in da aka sayar mini mai manyan furanni ne, wanda shi ne ya fi kowane rauni a gaban ruwan sama.

Sai a tsakiyar Oktoba, bayan ɗaukewar damina, na yayyafa sauran irin a kasko, na dasa su a tukwane takwas bayan wata guda, suka fara fure a farkon Janairu. A nan ne fetuniya ta biya ni wahalata. Sanyin hunturu ya karɓe ta, ta cika tukwanen da fari da shunayya da ruwan hoda, har baƙi na tsayawa a bakin zaure suna tambayar sunanta. Fararen ne kaɗai ke da ƙamshi sosai, kuma sai bayan magariba yake tashi, abin da suka gado daga ɗaya daga cikin iyayensu biyu na daji da aka haɗa aka samar da fetuniyar lambu, wato farar da malam-buɗe-littafin dare ke ziyarta. Ɗayar uwar, mai launin shunayya, ƙudan zuma ne abokan hulɗarta. Sai dai ganyenta yana da danƙo, ƙurar hunturu na manne masa har ya koma ruwan ƙasa, kuma idan ba a tsinke furannin da suka bushe ba duk bayan kwana biyu, sai ta juya ga yin iri ta rage fure. Abin da ya fi damuna shi ne ruwa. Tukwanen na bushewa kafin azahar, dole a ba su safe da yamma, a daidai lokacin da rijiya ke ja da baya kuma 'yan garuwa ke ƙara kuɗi. Da zafin ƙarshen Maris ya shigo, rassan suka miƙe suka yi siriri, furen ya ƙanƙance, kafin tsakiyar Afrilu babu abin kallo.

Hikama kuwa tafiyarta dabam ce. Asalinta ƙasar Mekziko da Amurka ta Tsakiya, Sifaniyawa ne suka kai ta Filifin a jiragen ruwansu, daga nan ta bazu zuwa Indunusiya da sauran ƙasashen yankin. Dangin wake ce, irinta ma kamar wake yake, sai dai ya fi faɗi kuma yana da ɗan kusurwa. Na jiƙa ƙwaya ashirin kwana guda, na shuka su a kan kunya a tsakiyar Yuni, goma sha bakwai suka fito. Ban sa mata takin zamani ba ko sau ɗaya, domin kamar sauran danginta tana samar wa kanta sinadarin da ganye ke buƙata ta hanyar ƙulle-ƙullen da ke jikin jijiyoyinta, kuma ruwan sama ya ɗauke mini nauyin ban ruwa gaba ɗaya. Yaɗonta ya haye sandunan da na kafa ya kama katanga, ya kai kusan mita huɗu. Aikin da ta nema guda ɗaya ne: da tsawon yini ya ragu a wajen Satumba da Oktoba sai ta soma fitar da furanni masu launin shuɗi, kuma wajibi ne a riƙa cire su, domin ƙarfin tsiron ya koma ƙasa inda saiwar ke girma.

Akwai abin da ba zan yafe wa mai sayar da irin ba. Babu ko kalma ɗaya a jikin ƙunshin da ke nuna cewa saiwar ce kaɗai ake ci, alhali ganye da kwanso da ƙwayar irin suna ɗauke da dafin da ake kira rotenon, wanda ke kashe ƙwari da kifi, irin wanda ke cikin magimfa da masunta suka sani. Na bar gindi ɗaya ya yi kwanso domin in samu irin baɗi. Wata ranar Asabar na fito na tarar da ɗiyar ƙanwata, 'yar shekara biyar, ta tsinko kwanso biyu ta ɓare ɗaya ta jera ƙwayoyin a murfin gwangwani, wai za ta dafa wake. Allah ya kiyaye ba ta kai ko ɗaya baki ba. A ranar na kewaye kunyar da raga, na kuma hana a saki akuya a wannan ɓangaren. Duk gidan da ke da ƙananan yara ko dabbobi, wannan ne abu na farko da ya kamata ya auna kafin ya sayi irin.

A makon farko na Disamba na tona, wata shida ke nan ba kaɗan da shukawa. Mafi yawan saiwoyin sun kai girman babbar albasa, uku sun fi haka, biyu kuma sun tsage saboda na makara. Ɓawon yana saluɓewa da hannu idan aka ɗan tsaga shi da wuƙa, cikin fari ne fat, yana da garas-garas da ruwa da ɗan zaƙi wanda ba ya gundura. Mahaifiyata ta ɗanɗana ta ce wannan rujiya ce ta samu gata, kuma ban samu kwatancen da ya fi nata ba. A Mekziko ana yanka ta ɗanya a matsa mata lemun tsami a barbaɗa gishiri da barkono. Mu kuwa da yajin ƙuli muka ci, yadda ake cin gurji, kuma ta dace da shi ƙwarai. Kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinta ruwa ne, don haka ba abincin ƙoshi ba ce, wanda ya sa ran za ta maye masa gurbin rogo ko dankali zai ji kunya. Waɗanda na ajiye a inuwa cikin kwando sun yi fiye da mako uku lafiya, amma guda biyu da aka sa a firji sun yi laushi sun canza launi, domin ba ta son sanyi mai yawa. Gindin da na bari ya yi iri kuwa saiwarsa ƙarama ce mai zare, wanda ya tabbatar mini cewa cire furen ba ɓata lokaci ba ne.

Filin dai na bar wa hikama, kuma ba sai na sake sayen irinta ba tunda na tara nawa a kwalba na rufe a saman kabad inda hannun yaro ba ya kaiwa. Fetuniya zan sake saye a Oktoba, amma nau'in mai ƙananan furanni, fari zalla, daga wani mai sayarwa dabam, kuma tukwane uku kawai, waɗanda ruwan alwala zai iya riƙewa har zuwa Maris.