Haddar maƙala ko rubuta taka, ga mai shirin IELTS

Ɗalibai da dama a Gombe masu shirin IELTS, jarrabawar gwada ƙwarewa a Turanci, suna haddace maƙalolin da suka sauko daga intanet. Hadda tana da sauƙi, tana kuma kwantar da hankali, amma masu duba jarrabawar sun san haddadden rubutu, kuma suna rage maki a kansa.

Ni na fi son ɗaya hanyar, duk da wahalarta. Ka ajiye agogo, ka ba kanka minti 60 kamar a sashen rubutu na jarrabawar, mai aiki biyu: kalmomi 150 a aiki na farko, 250 a na biyu, wanda makinsa ya ninka na farkon, don haka ka ware masa minti 40. Sannan ka kai wa malamin Turanci ya duba da jan biro. A nan za ka ga kurakuran da kake maimaitawa, musamman fassara jimlar Hausa kai tsaye.