Tashe da Rawar Pina Bausch: Kama da Wane Ba Ta Wane

Malama, kin tambaya ko wasan rawar nan na Jamus da ake kira Tanztheater ba tashe ba ne kawai aka ɗora a dandamali, tunda duk halin mutane ake kwaikwaya. Akwai kama, amma hanya ta rabu tun da wuri.

Tashe kiran mai hali yake da sunansa. Azumi na kai kwana goma yara su fito: ga gwauro an ɗaure shi da igiya ana yi masa kiɗa, ga malamin da ake ce wa ya yi rawa yana musu alhali jikinsa na kaɗawa, ga 'yan mata na Mairama da Daudu suna koya wa amarya zaman gidan miji. Kowa ya san da wa ake, kuma an riga an yanke hukunci. A yi dariya, a ba yara na goro, mai hali ya ji a jikinsa.

Ita kuwa Pina Bausch, gwanar tsara Tanztheater wadda ta ja ragamar 'yan rawan birnin Wuppertal na Jamus daga 1973 har rasuwarta a 2009, ba ta ce ga mai laifi ba. Makaminta maimaici ne. A wasanta Café Müller na 1978, mace da namiji na rungume da juna, sai wani na uku ya zo ya gyara musu hannuwa, ya ɗora ta a hannun namijin. Yana juya baya ta sulale ta faɗi, ta tashi ta sake rungumarsa. Ya dawo ya sake gyarawa, ta sake faɗuwa, abin na ƙara sauri, har ya daina zuwa, su biyun suka ci gaba da yi da kansu. Duk wanda ya taɓa ganin auren da dangi suka tsara yadda za a zauna ba sai an yi masa fassara ba.

A Kontakthof, shi ma na 1978, maza sun kewaye mace guda, wannan ya shafa gashinta, wancan ya ja hancinta, tun abin na kama da lallashi har ya koma cin zarafi, ita ko motsi ba ta yi. A nan dariyar ɗan kallo ke maƙalewa. Ni dai ta wannan fuskar na fi jin tsoron Bausch, don tashe yakan bar ka a sahun masu dariya.

Sai batun shekaru. A tashe yaro ne ke manna gemun auduga ya zama tsoho, daɗin wasan ke nan. Bausch tsofaffin gaske ta nemo, waɗanda suka haura shekara 65 kuma rawa ba sana'arsu ba ce, suka yi Kontakthof a 2000. A 2008 ta ba matasa 'yan shekara 14 zuwa sama, motsin bai canza ba, kunyar da neman a so ka ma haka.