Injin Ender 3 a ajin zayyanar kayayyaki

Ina koyar da ɗaliban ajin ƙarshe zayyanar kayan masana'antu a nan Katsina, kuma injin Ender 3 na kamfanin Creality, mai buga kaya da roba (3D printer), ya zama ginshiƙin darasina. Zaren roba yake narkarwa, yana jera shi layi bisa layi har abin da aka zana a kwamfuta ya fito a hannu. Filin da yake bugawa a kan farantinsa milimita 220 ne kowane gefe, tsayin aiki kuma 250.

Wata ɗalibata ta zana mariƙin jarka don 'yan ga-ruwa. A fuskar kwamfuta ba shi da makusa. Da aka buga shi, ta ɗaga jarka cike da ruwa, sai ya ci mata yatsu. Washegari ta faɗaɗa bakin, ta sake bugawa. Wannan fahimtar ba ta samuwa daga lacca, ko ta wane malami. Daga nan na tura ta wurin masu walda na cikin gari ta tambayo kuɗin ƙera shi da wanda zai gyara idan ya karye, domin zayyana ba ta ƙarewa a kan siffa.

Idan aka ɗauke wuta, injin yana iya ci gaba daga inda ya tsaya, abin da ya dace da mu ƙwarai. Da hannu ake daidaita farantin, ana gwadawa da takarda, kuma ina so ɗalibai su koyi hakan.

A kula da zaren roba irin na PLA: yana laushi a wajen digiri 60, don haka kada a bar aiki cikin mota a zafin Afrilu. Lokacin hunturu kuma a riƙa rufe injin saboda ƙura.