Shirin dogon hutu na zane da ziyara: abin da na gani cikin makonni huɗu

Da dogon hutu ya gabato, na yanke shawarar kai 'yata mai shekara 9 wani shiri da ake koya wa yara zane da ginin yumɓu da kiɗa, ana kuma fita da su ziyarar gani da ido, domin hutun da ya gabata a gaban talabijin ya ƙare mata. Shirin na makonni 4 ne, a kowane mako kwana huɗu a aji, rana ɗaya a waje, kuma an raba yaran rukuni-rukuni gwargwadon shekarunsu.

Ajin zane ne ya fara gamsar da ni. A ranar farko malamar ta ba kowane yaro fenti kala uku kacal, ja da rawaya da shuɗi, sai ɗan fari a gefe, da yaran suka yi ƙorafin cewa babu kore sai ta ce su nemo shi da kansu. 'Yata ta dawo gida yatsunta duk sun rine, tana riƙe da takarda mai ɗauke da kore iri bakwai, tana yi mini bayanin cewa idan rawaya ta yi yawa koren yakan yi kama da sabon ganye, idan kuma shuɗi ya rinjaya sai ya yi duhu. Ban taɓa jin ta yi doguwar magana haka a kan wani darasi na makaranta ba.

A ajin yumɓu ma malamin bai yi gaggawa ba. Ya sa sun cuɗa yumɓun sosai kafin su fara gini, sannan ya bar kayan da suka gina kusan mako guda a inuwa, ya kuma bayyana musu dalili: ruwan da ya rage a cikin yumɓu yakan zama tururi da zarar zafi ya kai digiri 100, alhali wutar gashin takan kai kimanin digiri 1,000, don haka abin da bai bushe ba fashewa yake yi. Kwanon farko da 'yata ta gina ya tsage tun wajen bushewa, saboda gindinsa ya fi bakinsa kauri nesa ba kusa ba. Malamin bai ɓoye shi ba, bai kuma gyara mata ba. Ya nuna mata inda tsagar ta faro, ta sake gina wani da hannunta. Wannan, a ganina, shi ne koyarwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka ɗaura kowace ziyara a kan abin da aka yi a aji. Bayan makon haɗa launi, an kai su maɗaba'a, inda suka ga injin yana buga hoto mai launuka barkatai da tawada huɗu kawai: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. An ba su gilashin ƙara girma suka duba takardar, suka ga ashe hoton ɗige-ɗige ne ƙanana jere kusa da juna. A gidan adana kayan tarihi kuwa, maimakon a zagaya da su ɗaki-ɗaki a guje, an ce kowa ya zaɓi abu ɗaya ya zauna ya zana shi. Ziyarar gidan namun daji ce kaɗai ta zama yawon buɗe ido kawai.

Sai dai akwai gyara. Ajin kiɗa cike yake maƙil, kayan kiɗan kuma ba su kai rabin yawan yaran ba, ta yadda yaro mai kunya kan iya gama darasi bai taɓa komai ba. Abin da ya fi ɓata mini rai ya faru ne a ziyarar farko, lokacin da motar ta yi jinkirin fiye da awa ɗaya, iyaye muna tsaye a bakin ƙofa hankali a tashe, babu wanda ya kira mu ko ya aiko da saƙo. Na kai kuka washegari, kuma gaskiya masu shirin sun karɓa ba tare da gardama ba, domin daga nan aka riƙa sanar da mu lokacin tashi da lokacin isowa. Na kuma shaida da idona cewa ana ƙirga yaran da suna kafin su hau mota da bayan sun sauka.

Ga iyayen da ke tunanin irin wannan shiri, ina ba da shawarar su tambayi yawan yaran da ke hannun kowane malami, musamman ranar fita, su kuma nemi ganin jadawalin ziyara tun kafin rajista. Ni dai baɗi zan mayar da ita tare da ƙanenta, amma sai na fara leƙa ajin kiɗan na ga ko an ƙara kayan.