Furen da zai kai ka ƙarshen bazarar Jidda: me za a saya a mashtal?

Duk wanda ya taɓa kai kuɗinsa mashtal, wato wurin sayar da tsirrai, a Jidda cikin watan Maris ya san wannan takaicin. Ka dawo gida da tukwane shar da furanni, kafin Yuni ya kama sun zama ƙirare. Shekara uku ina wannan asara a saman benenmu kafin na haɗu da anjeloniya, kuma ba zan ɓoye ba, ita nake so ku saya.

Fetuniya kyakkyawa ce, amma 'yar lokacin sanyi ce. Winka tana jure rana, sai dai da ruwa ya ɗan yi mata yawa saiwarta ta ruɓe. Ziniya kuwa zagaye ɗaya take yi ta mutu.

Anjeloniya asalinta Meziko da tsibiran Karebiyan, ƙasashen zafi da gumi, shi ya sa iskar tekun nan mai ɗanko ba ta dame ta ba. Tsayinta santimita 30 zuwa 45, tana fitar da zangarniya a miƙe cike da ƙananan furanni: shunayya, fari, ko ruwan hoda. Tana son rana awa 6 zuwa 8, kuma ba sai ka bi kana tsinke furen da ya bushe ba, da kanta take zubar da shi ta fitar da sabo. Ni nau'in Serena na fi so, don ana samun irinsa a shuka, kuma yana yin rassa sosai. Archangel furensa ya fi girma, amma dashe kawai ake sayar da shi.

A Turai duk shekara sai an sayi sabuwa, domin ƙanƙarar hunturu na kashe ta. Mu a Jidda da Makka ba mu san wannan ba, tana iya yin shekaru. Idan ta yi tsawo ta fara ramewa, datse rabinta, ka ba ta taki kaɗan, za ta sake toho. 'Yan'uwanmu na Riyad su kam sai su shigar da ita ciki a dararen Janairu, a kuma yi mata inuwa bayan azahar a tsakiyar bazara. Tukunya lallai ta zama mai huda a ƙasa, a bar saman ƙasar ya sha iska kafin a ƙara ruwa.

Yanzu ga inda aka cuce ni. Akwai wani fure da Larabawa ke kira hanakus-sab'i, shi ma zangarniya yake yi, daga nesa kamar an tsaga kara. Shi na sanyi ne, zafi na shigowa yake mutuwa. Wani mai mashtal ya rantse mini cewa duk abu ɗaya ne, na kwashi tukunya goma, ko Mayu ba su gani ba. Saboda haka kafin ka biya, matsa gefen furen da yatsu biyu. In ya buɗe baki ya rufe, hanakus-sab'i ne, ajiye masa kayansa. Furen anjeloniya a buɗe yake tun asali. Murza ganyen kuma: siriri ne, da ɗan ɗanko, yana ƙamshi kamar inabi ko tuffa. In ka ga fure rawaya ko ruwan lemo, ba ita ba ce.

Masu sayar da iri a intanet ma a yi hattara da su. Hoton zangarniya ɗaya mai launi bakwai ƙarya ce tsagwaronta, na saya ciyawa ta fito. Irin gaske ƙanana ne ƙwarai, galibi an lulluɓe su da wani ɓawo don a iya riƙewa, kuma ba a binne su, a saman ƙasa ake ɗora su don sai da haske suke tsirowa.

Kar ka ji kunyar cewa a zare maka tsiron daga tukunya. Saiwa fara mai riƙe da ƙasa kake nema. Wasu reshe suke yankowa da safe su soka a ƙasa, ka ja shi kaɗan ya biyo hannunka ba saiwa ko ɗaya.