Sabon kanel ɗin Linux ya kwance wa laftof ɗina dabaibayi, amma da saura

Wata huɗu ina zagin laftof ɗina, ashe ba laifinta ba ne. Da zarar na zare caja sai furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, ta rage gudu zuwa 800 MHz. Wannan ban damu ba, tattalin batir ne. Abin haushin shi ne ko na mayar da cajar ba ta komawa sama, sai ta kafe a nan tana tafiyar hawainiya har sai na kashe na kunna. Furosesar da ke haura 3 GHz, wato 3,000 MHz, fa! Ranar da ta fi ƙona mini rai ina tsakiyar taron bidiyo, na jona caja a gaggauce, hoto ya daskare, muryata na yankewa, ni kuwa ina ta ba da haƙuri kamar ni na yi laifin.

Babu abin da ban yi ba. Na buɗe laftof ɗin na share ƙurar fanka, na sake man sanyaya furosesa, har sabuwar caja na saya a banza.

Sai da na buga cpupower frequency-info, umarnin da ke nuna bayanin gudun furosesa, na ga inda gizo ke saƙar. BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da injin, ita ce ke rage iyakar gudu idan ana kan batir, ta hanyar wani saƙon iyaka da ake kira _PPC, kuma idan wuta ta dawo tana ɗage iyakar. Direban acpi-cpufreq ne ke kula da gudun furosesa a injina, amma ko bayan an ɗage iyakar, scaling_max_freq, wato lambar iyakar gudu, na nan a 800000 (800 MHz ke nan), ko gezau. Na ɗan lallaɓa da processor.ignore_ppc=1, saitin da ke sa Linux ya yi watsi da _PPC, sai dai raina bai kwanta ba, don toshe kunne ne daga gargaɗin BIOS gaba ɗaya.

Makon jiya na sabunta kanel ɗin Linux, wato ginshiƙin manhajar da ke tafiyar da injin, ba tare da sa rai ba, na cire waccan dabarar. Na zare caja, na mayar, ina kallon lambar. Wallahi nan take ta haura. Sau biyar na maimaita kamar yaro ya samu abin wasa.

To amma kada in cika baki. Yanzu fanka na kuka da zarar na buɗe shafuka da yawa, ƙasan injin har zafi yake a cinya. Kuma jiya da laftof ɗin ta farka daga barci furosesar ta sake maƙalewa na kusan minti ɗaya kafin ta saki. Kuɗin cajar nan ma har yanzu yana ci mini rai, ga ta can a aljihun tebur ko leda ban yar ba.